Yadda Muka Matse Muryar Dada

Kakarmu Dada ba ta da fara'a, kuma ba zan ƙaga mata ita ba don ta rasu. Mu gidan mahauta ne a Garwa. Kullum da yamma Baba zai aiko da kawunan shanu da ƙafafu daga mayanka, ana idar da magariba Dada ta hura wutar babbaka a tsakar gida. Aikinmu mu jikoki miƙo itace da juya ƙafa a wuta. Tatsuniyar ma ba don ƙauna take yi mana ba, don kada mu sulale mu bar ta da aiki ne. Ƙaurin gashi ya cika gida, hayaƙi na cin ido, ita kuwa tana kan 'yar kujerarta da wuƙa a hannu tana kankare ƙafar saniya.

"Ga ta nan," haka take farawa, "wanda ya yi mini hamma kuma ya sha muciya."

Ba barazana ba ce. Yayana Hamadu ya sha ta har ba adadi, ni ma ban tsira ba.

Akwai guda da take yawan maimaitawa. Wai wata tsohuwa ce ta yi faɗa da ɗanta, ta kore shi, ya ƙetare Binuwai ya zauna a can. Da ciwon ajali ya kama ta sai ta kira shirwa ta ba ta saƙo, amma da waƙa ta ba da shi, waƙar da take yi masa yana goye, don ya san ta yafe. Shirwa ta tashi, ta kai tsakiyar ruwa, ta ga waƙar nan ta yi mata tsawo, ta ce ai maganar ce muhimmiya. Da ta isa sai ta ce masa uwarsa na kira, shi ke nan. Ya ji saƙon a bushe, ya ce wani sabon zagin ne, ya ƙi zuwa. Tsohuwa ta mutu tana kallon ƙofa.

In Dada ta zo kan waƙar sai ta sauke murya ƙasa-ƙasa, wuƙar na ba ta kiɗa a jikin ƙashi, ƙar-ƙar, ƙar: "Ɗan lelena dawo, tuwo ya huce, ni ma na huce." Wallahi nan ne kaɗai muke jin taushi a bakin matar nan. Tana gamawa za ta haɗe rai ta ce ta ƙare, a tashi a wanke tukwane.

Shekaru sun ja. Yaya Hamadu ya buɗe rediyon intanet a wani shago kusa da kasuwa, yana sanar da farashin shanu da rasuwa da biki, yana saka waƙoƙi. Ni nake kula masa da na'urori. Sauti kafin ya bi intanet sai an matse shi, kodek ake kiran abin da ke matsewar, kuma kowanne da abin da yake zubarwa don kaya su yi sauƙi. Mun daɗe muna sa-in-sa a kan wannan. Shi ya kafe a kan Opus, kilobit sha shida, saitin murya, ga mai share hayaniya a kunne dare da rana. Hujjarsa masu saurarensa dillalai ne a Tuboro da Mayo-Ulo, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, megan intanet kuma tsada. Ni ina cewa magana ta ishe shi da wannan, amma waƙa sai an sakar mata, ko AAC sittin da huɗu ne.

Bayan rasuwar Baba muka tsinci kaset a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. Ashe ya taɓa ɗaukar Dada tana wannan tatsuniyar ba ta sani ba. Ita ce kaɗai muryarta da ta rage a duniya. Zaren ya tsufa, har ya fara mannewa, ina gani na san in ya juya sau ɗaya lafiya an gode Allah.

Na ce wa Yaya ya bari in fara kwashe shi cikakke a kwamfuta, ba matsi, daga baya ya yaɗa yadda ya ga dama. Ya ce ya riga ya sanar za a saka bayan la'asar, injin tasha kuma ai yana ajiye duk abin da ya fita. Na ce abin da zai ajiye matsattse ne. Akwai baƙi biyu a shagon, dillalai, sai ya juya wajensu yana dariya, wai ku ji ɗan boko, ya je karatu Ngaundere ya koyo ɓarna, ko riƙe wuƙa bai iya ba yana koya wa mutane sauraro. Suka tuntsure. Raina ya ɓaci.

"Tashar taka ce, Yaya," na ce. "Ka yi abin da kake so."

Na ɗauki jakata na fita na zauna a bencin mai shayi, ina kallon ƙofar shagon. Ya jona rediyon kaset kai tsaye, ya saki. Ana kaiwa ƙarshe rediyon ya cinye zaren, ya fito a cukurkuɗe, rabi ya tsinke, rabi ya goge.

Washegari na saurari abin da aka ajiye. Kowace kalma ta fito sarai, har barazanar muciya. Amma ƙarar wuta babu, wuƙa babu, mai share hayaniya ya ɗauke ta ƙazanta ya share. Wurin waƙar kuma, inda ta sauke murya, sai wani gurnani kamar ana magana a cikin randa, daga nan shiru. Faɗanta ya tsira tsaf, taushin nan guda ya tafi. Yaya kuwa sai murna yake, wai har daga Tuboro an kira, ba ta yanke ko sau ɗaya ba. Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa na gaba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye.

Muna yara haushin shirwa nake ji, bayan wannan kuma na mayar da Yaya shirwar, na daɗe ina jin daɗin haka. Har yanzu ban yafe masa ba. Sai dai in zan faɗi gaskiya, shi yana da hujja, mutanensa sun ji. Ni fa? Wayar jonin da zan raba sautin da ita ya shiga kwamfutata tana cikin jakar da na fita da ita, jonawa ce ta minti biyu, ba ma sai ya yarda ba. Na zauna ina jiran abin ya lalace don ya ji kunya a gaban baƙinsa.

Da sallar layya na je Mayo-Ulo gaishe da Goggo Asabe, autar Dada, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yanta, idonta ma ya tafi. An riga an kunna mata abin da tashar ta ajiye a waya. Ta ce maganar dai ta Dada ce, amma ta yi ta jiran waƙar ba ta zo ba. Wai da ita Dada ke lallashinta tana ƙarama in ta dake ta.

Ta laluba ta kama hannuna. "Ɗanjuma, waya ba ta ɗauka da kyau. In za ka dawo ka zo mini da kaset ɗin kansa, in ji sau ɗaya."

Na ce to, Goggo. Duk motar da ta taso daga Mayo-Ulo sai ta aiko a tambaye ni ko na manta.