Ƙashin Ƙugun Goggo

Jiya a Babbar Kasuwa mahauci ya ɗaga ƙashin ƙugun saniya, mai faɗi kamar faifai, sai Goggona mai farfesu ta faɗo mani a rai.

Ranar da ta zame a bakin rijiya, ta dafa saman ƙugunta, tana gumi, ta ce wa mai ɗori, "Malam, nan ya tsage, inda zani ke kamawa. Na sha fasa na rago."

Ya yi dariya. "Hajiya, mutane nake ɗorawa, ba tumaki ba." Ya ɗaure mata cinya da karare.

Ba ta ƙara takawa ba har ta rasu.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Shi kuwa ban yafe ba, Allah ya haɗa mu ranar hisabi.