Goggo da layin farko

Shekarar da ruwa ya yanke hanyar Guri, ziyarar kwana uku da na kai wa Goggo, ƙanwar mahaifina, ta koma ta sati biyu. Ba wuta, ba sabis, sai jakar littattafan kisan kai da bincike da na saya a kasuwar Haɗeja.

Goggo Babarbariya ce, ba ta yi boko ba. Bandar kifi take yi, wuni take gaban wuta tana juya tarwaɗa a kan raga. Da ta ga na ƙura wa littafi ido, ta ce, "Ke, karanto min in ji abin da ya hana ki taya ni aiki."

Na karanta mata layin farko. Wani Alhaji ne aka tsinci gawarsa a falo, direbansa na tsaye yana kuka.

"Ya isa," in ji ta. "Ba direban ba ne. An ajiye shi ne ya ɓata miki lokaci. Nemi wanda ya kawo wa mutane ruwan sha."

Washegari na kai ƙarshe, ashe ƙanin Alhajin ne. Ba ruwa ya kawo ba, tabarma ya shimfiɗa wa masu gaisuwa, amma Goggo ta ce duk ɗaya ne.

Daga nan kowace safiya sai ta yi zaman shari'a. In littafi ya fara da hadari da iska, ta ce wannan ba shi da gawa a hannu, jan mu kawai yake. Wani littafin ya fara da budurwa tana duba madubi, ta ce in miƙo shi ta hura wuta. Ba kullum take dacewa ba. Idan ta faɗi, sai ta ce marubucin ne bai san mutane ba.

Ana nan littattafaina suka ƙare, shaiɗan ya sami wurin zama a kaina. Na daɗe da lura cewa mijinta, wani dattijon Bafillace da nake kira Baba, kullum bayan la'asar sai ya ratsa ta gefen raga, kifi ɗaya ya bi shi cikin aljihu. Goggo kuma ta bi kyanwa da tsintsiya.

Na bari yana zaune a tabarma yana tufkar igiya, na buɗe wani tsohon littafi, na gyara murya kamar karantawa nake: "A wani gida a bakin kogi, kullum la'asar sai tarwaɗa ta ɓace, kyanwa kuma ta sha duka."

Baba ya yi tari.

Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan mai sauƙi ne. Dattijo ne, Bafillace, aljihunsa na dama yana warin hayaƙi. Tun ba a haife ki ba nake wanke aljihun nan."

Na ce, "To Goggo, kyanwar fa?"

"Ai ba na samunta. Korar ta nake don ya ci cikin kwanciyar hankali."

Baba ya ajiye igiya ya ce, "Ku Barebari ba ku iya rufa wa mutum asiri ba. Kuma marubucin nan ƙarya yake, ran Juma'a biyu nake ɗauka."

Na yi dariya har da hawaye. Goggo ta bari na gama, sannan ta ce, "Ci gaba mana. Ai akwai ɓarawo na biyu, mace ce, baƙuwa, ita da hantsi take ɗauka, ta zuba ƙayar bayan randa."

Na rufe littafin a hankali. Baba ya matsa ya ba ni wuri a tabarma, ya zaro kifin aljihunsa ya raba biyu. Goggo ta turo mana yaji a murfin kwano, ta ce gobe mu biyu za mu fafe mata kifi, tun da mun san daɗinsa.