Gaisuwar da Ta Cinye Batir

Muryar Mai Shanu ta yanke muna tsakiyar magana, wata Laraba da hantsi. Ban ƙara jin ta ba.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba. A oba-oba na san shi, rediyon nan da ake magana da juna. Lokacin da aka datse layin waya a yankinmu, wani mai gyaran rediyo a Mafara ya kawo irin ta hannu, mu manoman da ke ƙasan madatsar ruwan Bakolori muka saya. Na ɗaure eriya a doguwar gora, na kafa ta a saman kuka. Don tsaro aka saye su, amma hira ta fi yawa. Bayan la'asar kowa ya buɗe tasa, a yi zancen taki, a yi zancen ruwan kanal, a tsokani mutanen Bakura da muryarsu ke zuwa kamar daga cikin rijiya. Ba a faɗin suna, domin 'yan bindiga ma suna da irinta, suna saurare. Ni Mai Albasa ake ce mini.

Shi Mai Shanu Bafulatani ne, dattijo, rugarsa na wajen Faru, a bakin daji. Duk babur ɗin da zai fito daga dajin, shi ke fara jin ƙararsa. Wasu cikinmu ba su yarda da shi ba. Ni na yarda. Ya taɓa cewa kada a bi hanyar kasuwa, wanda ya bi kuma bai dawo ba.

Akwai shi da tsokana.

"Mai Albasa, kana nan kana sa matan mutane kuka?"

"Ina nan, Baffa. Ka ɗaure shanunka, in sun shigo gonata kilishi za su koma."

"Kai da ko akuya ba ka iya kamawa!"

Batirinsa ya tsufa, solarsa kuma ta tsage, ba ta cika shi. Sau da yawa yana cikin dariya zai ɓace. Kowa ya san haka.

Ranar ina ban ruwa, oba-oba na rataye a wuyana, sai na ji shi. Ba lokacin hira ba ne.

"Salamu alaikum, Mai Albasa."

"Amin, wa alaikumus salam, Baffa. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali? Ina ɗiya?"

"Suna lahiya. Ina naka? Ina bisashe?"

"Alhamdu lillahi. Ina aiki?"

"Aiki da godiya."

Muryarsa na rawa, na ji. Amma ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba a katse babba a ce masa faɗi abin da ya kawo ka. Shi ma ba zai jefa wa mutum mugun labari babu gaisuwa ba, ko da wuta ke cin rigarsa. Haka aka rene mu.

Ya ce, "To madalla. Dama abin da ya sa na kira, ka hwaɗa ma mutanenku..."

Shi ke nan. Sai shuuu.

Na yi ta kira har maƙogwarona ya bushe. Ruwa ya cika fangali ya malale, ban kula ba.

Da la'asar na gaya wa sauran. Wani ya ce ƙila gishirin shanu zai ce a sayo masa. Babu wanda ya yi dariya. Wani daga Bakura ya ce dabara ce, a tsorata mu mu gudu, shanu su cinye gonaki. Na ce masa ya rufe mini baki. Aka tambayi wa zai je Faru ya duba. Ba a samu ko mutum ɗaya ba.

Washegari shiru. Jibi ma shiru. Na daina zuwa gona mai nisa. In babur ya wuce, matata ta wawuri yara ta nufi ƙofar baya. Ni kuma maganar nan da ba ta ƙarasa ba ta hana ni sakat. In faɗa musu me? Su gudu? Su bar wace hanya? Yau ko gobe?

Na ce wa matata ta ɗaure kaya.

Ta ce, "Malam, albasa ta kusa cira hwa. Kuma ba abin da muka gani."

Na ce, "Na taɓa tsayawa sai na gani. Ranar na binne ƙanena. Ya ishe ni."

Muka tashi da rana tsaka, a babura biyu. Maƙwabta na tsaye suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce ga jarumin da gaisuwa ta kora.

Ba a shiga ƙauyenmu a wannan makon ba. An shiga bayan an cire albasa. Ko shi ne abin da zai faɗa, ko wani abu daban, Allah kaɗai ya sani. Wata mai tallar nono ta ce mini rugar ta zama kufai. Na tambaye ta tashi suka yi ko ɗauke su aka yi. Ta ce ita dai ba ta sani ba, ta ɗora ƙwaryarta ta wuce.

Yanzu ina Talata Mafara, ɗaki ɗaya a bayan tasha. Ina dakon buhunan wasu ranar kasuwa. 'Ya'yana duka suna raye.