Goran Irin Asabe

A ƙauyensu da ke gaɓar kogi, tsakanin Sinnar da Hajj Abdalla, in aka ce Asabe mai guro ba a tambayar wace Asabe. Guro shi ne sunan da mutanen wurin suke kiran kuɓewa da shi, kuma tata daban ce: gajera, mai jan kai, wadda in aka shanya aka daka, miyarta takan yi yauƙi har a ɗaga ludayi sama ba ta tsinke ba. Kakarta Hauwa ce ta taho da irin daga ƙasar Sakkwato, a ƙulle a bakin zane, lokacin da suka kamo hanyar Makka a ƙasa. Guzuri ya ƙare musu a nan bakin kogi, suka tsaya noman damina ɗaya, daminar da har yau jikoki ba su gama ba.

Asabe ta tashi tana tsinkar auduga a gonakin Jazira. Daga baya ta auri Salih, mai keken jaki, wanda yake kai wa gidaje ruwa, mutum mai saurin dariya, mai sakin hannu. Ta haifi maza uku, sannan bayan an fid da rai ta sami mace, aka sa mata Ibtisam. A duk shekarun nan irin kuɓewar yana cikin wani ɗan gora da ya yi baƙi saboda hayaƙi, a rataye a ɗakin girki. Duk shekara in kogi ya janye bayan cika, ya bar laka mai taushi a gaɓa, sai ta sauke goran ta shuka. In kaka ta yi, ta sake cika shi.

Da wannan goran ta yi renon 'ya'yanta. Duk wanda ya fara tsayawa gaban madubi yana miƙa hannu a ba shi na kashewa, sai ta yanka masa gayauna a gonar gaɓa, ta damƙa masa goran gaba ɗaya. Sharaɗinta bai taɓa canjawa ba. Abin da gayauna ta bayar naka ne, ka kashe yadda ka so, ba mai tambayarka. Ba ka kuma roƙon kowa kome a gida sai abinci, sabulu da kuɗin makaranta. Amma kafin ranar da makiyaya za su saki dabbobi cikin gonaki, sai ka mayar da goran da iri a ciki. Mazan uku duk sun bi ta nan, goran kuwa ya dawo yana kaɗawa.

Ibtisam kuwa tana shiga shekara goma sha shida ta zama rariya wajen kuɗi. Katin waya, man gashi, jan farce kala-kala, ga hawan raksha, ɗan keken haya mai ƙafa uku, zuwa inda ƙafa za ta kai ta kafin shayi ya huce. Larabci ya fi zama a bakinta, amma in za ta roƙi ubanta sai ta karkato Hausa mai daɗi, shi kuma ya laluba aljihu.

Ranar da Asabe ta sauke goran ta miƙa mata, Salih ya bi matarsa har ɗakin girki.

"Asabe, raba irin nan biyu, ki ɓoye rabi. Kin san ɗiyarki."

"Na san ta. Shi ya sa ba zan ɓoye ba. In ta ji ƙamshin akwai saura, ba za ta bar ko ƙwaya ba."

"To in ta sayar da duka hwa?"

"Sai mu ci guron kasuwa kamar kowa." Ta juyo ta dube shi. "Kai kuma, Malam, hannunka ya zauna a aljihunka. Na gan ka shekaranjiya bayan jaki."

"Ni? Ciyawa nike ba shi."

"Jakin da ke shafa jan farce."

Ta faɗi maganar guron kasuwa kamar ba komai, amma da ta ɗaga kai ta ga ƙusar da goran yake rataya a kai babu kome, sai ta yi saurin kawar da kai. A shekarar gwiwa ta hana ta shuka nata, kuma matan da ta taɓa ba irin duk sun bar shi ya gauraya da na kasuwa. Abin da ke hannun yarinyar shi ke nan.

Ibtisam ba malalaciya ba ce. Takan sauka gaɓa kafin makaranta, ta sa tsohuwar safa a hannu saboda ƙaiƙayi, wayarta a ɗaure a kugu tana waƙa. Laka ta karɓi irin, kuɓewa ta yi kyau har masu wucewa a kwalekwale suna nunawa. Sanyi ya shigo, kuɓewa ta yi tsada a Sinnar, sai wani ɗan kasuwa, Bilyamin, ya riƙa zuwa da motarsa har bakin gona yana saye.

Kuɗi suka shigo ta ƙofa suka fita ta taga. Ta sayi tarha ja, ɗan mayafin da 'yan mata ke yayi. Ta shayar da ƙawayenta lemon mangwaro a kasuwa. Ta sayo wa ubanta turare, ta kawo wa Asabe kofunan gahawa masu zanen fure, waɗanda Asabe ta ji daɗinsu fiye da yadda ta nuna. Ba ta ce mata kome a kan sayayya ba, don alkawari ne. Abu ɗaya ta faɗa, sau ɗaya: mai son iri yakan ɗaura tsumma a jikin ƙarfafan itatuwa tun da wuri, ya bar 'ya'yansu su bushe a kai.

"Gobe, Inna," in ji Ibtisam. "Yanzu kasuwa na da zafi."

Goben ta yi ta tafiya. Yawancin itatuwan suka tsufa suka daina haihuwa, saura layi ɗaya na can kusa da ruwa, inda danshi bai ƙare ba. Aka yi shela a masallaci cewa bayan wata guda za a saki dabbobi, kuma wata guda ɗin nan shi ne abin da kuɓewa take bukata ta bushe a jikin uwarta. Ana cikin haka bikin Huda, 'yar wan Salih, ya matso, 'yan mata suka haɗa baki kowacce ta zo da takalmi mai tsini ruwan zinare. Ibtisam ta duba jakarta, ta tarar lemon mangwaro ya tafi da takalmin.

Asabe ta ɗauki goran da babu kome a ciki, ta rataye shi a bango daidai inda yarinyar take sa wayarta caji. Da safen da Bilyamin zai zo, ta ɗauki sanda ta gangara gaɓa a hankali, ta zauna a kan tushen wata bishiya. Ta riga ta yi wa kanta alkawari ba za ta buɗe baki ba, ko da za a tsinke layin a gabanta.

Ibtisam na tsaye a bakin layin da wuƙa a hannu, Bilyamin kuma ya buɗe buhu.

"Yalla, ya Ibtisam, rana na yi. Wannan layin kaɗai zai saya miki takalmi har da jaka."

Yarinyar ta dubi kuɓewar, ta dubi uwarta.

"Inna, tsakaninki da Allah, akwai wani iri a gida?"

"Babu."

"Baba ya ce kina da wayo."

"Je ki duba."

"Na duba." Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Har ƙarƙashin gadonki, har cikin tukunyar turaren wuta."

"Ashe ke ce kika watsa mini kaya, ni ina zagin ɓera."

Bilyamin ya yi dariya. "Hajiya, iri ai yana nan cike a shago, cikin leda, har da hoto."

"Shi ka zo saye nan tun daga Sinnar?" in ji Ibtisam.

Ya shafa gemu. Ita kuwa ta sa wuƙar a gefen jar tarharta, ta yage ƙyalle. Yarinyar ta bi layin tana ɗaura wa itatuwa jan ƙyalle, tana gunguni da Larabci a kan takalmi da Huda da ranar da aka haife ta a gidan masu guro. Da ta gama, tarhar ta koma kamar hankici.

"Tsumma na ce, ba sabon mayafi ba," in ji Asabe.

"Shi ke kusa. In na je gida ɗauko tsumma, zan canja ra'ayi a hanya."

Salih dai bai iya haƙuri ba. Ana jibi biki ya tafi Sinnar a ɓoye, ya dawo da kwali a ƙarƙashin ciyawar jaki. Asabe ta kama shi a ƙofar gida, amma kafin ta fara faɗa Ibtisam ta riga ta buɗe kwalin tana tsalle. Ta zura ƙafa, ƙafa ta nutse kamar a kwalekwale. Mutumin da ya san girman kofaton jakinsa bai san ƙafar ɗiyarsa ba, kuma mai shagon ya ce masa ba a mayarwa. Asabe ta jawo takalmin ta gwada, ya zauna mata daram.

"To, Malam, na gode," ta ce. "Tun aurenmu ba ka saya mini irin wannan ba."

Ibtisam ta yi fushi har la'asar. Daga nan ta fito da tsohon takalminta da kwalaben jan farcen da ta tara, ta zaɓi mai ruwan zinare, ta zauna a inuwa tana shafa masa har ya ɗauki ƙyalli. A wurin biki warin jan farce yana binta, ƙawaye suka yi ta tsokanarta, amma kafin a tashi biyu daga cikinsu sun ce ta yi musu nasu. Asabe kuwa ta shiga fili da takalmi mai tsini da sandarta, ta taka rawa kaɗan, mata suna guɗa, Salih yana gefe yana gaya wa kowa shi ya saya.

Sauran makonnin Ibtisam ta yi su tana gadin layin, don awakin ƙauye ba sa jiran shela. Ta kewaye shi da ƙaya, tana karatun jarrabawa a bakin ruwa. Ana gobe sakin dabbobi ta yanko busassun kuɓewar, ta murje su a faifai, ta sheƙe, ta ɗura a gora.

Asabe ta karɓa ta kaɗa a kusa da kunne. Bai cika ba, ya ɗan haura rabi, kuma ƙwayoyin ƙanana ne, irin na ƙarshen haihuwa. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta ciji ɗaya, ta ji ƙarfinta.

"Zai tsiro," ta ce. "Amma yayyenki cike suka kawo shi."

"Yayyena ba su je bikin Huda ba. Baɗi ki ba ni gayauna biyu, ki gani."

"Biyu? Ki yi mi da su?"

"Ɗaya ta iri, ɗaya ta takalmi."

Asabe ta toshe bakin goran da totuwa, ta miƙa mata ta rataye da kanta, don ita gwiwa ba ta barinta hawa turmi. Yarinyar ta hau ta rataye, ta sauko tana karkaɗe hannu, sannan ta leƙa waje ta ga ko ubanta ya dawo, saboda katin wayarta ya ƙare tun jiya.