Kiryar Gonar Babanmu da Ƙafata ta Hagu

Salamu alaikum. Masu cewa Malam Ɗanladi ya mutu, ga ni. Wata bakwai ba ku gan ni a kasuwar Tsanyawa ba, kuma ba na mance waɗanda ba su zo dubiya ba. Ni ban yi boko ba. 'Yata Hajara ce ke rubutawa a wayarta, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Abin ya fara ne a noman farko. Fartanya ta sare ni a yatsun ƙafar hagu. Ƙaramin ciwo, ko tsayawa ban yi ba.

A iyakar gonata da ta ƙanena Sani akwai kiryar da muka gada. Duk wanda ya ji rauni a gidanmu, wurinta ake zuwa. Babanmu ya koya mana: ka sassaƙi ɓawon gabas da yamma kawai, kada ka zagaye ta, in ka zagaye ta mutu. A shanya, a daka, a barbaɗa. Jini ya tsaya nan take.

Itaciya ce ta gaske. Gara ba ta cin ta. Taɓaryar da uwarmu ta bari ta kirya ce, har yau ana daka da ita. Da tsadar nan ta matsa, Sani ya ce mu sayar wa masu gawayi. Na ce sai dai a sare mu tare. Shekara uku ko gaisuwa ba ma yi.

To na barbaɗa garin ɓawon, ciwo ya kame. Bayan sati biyu ƙafa ta kumbura. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba iyaka, wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Na ce maganin ne ya yi kaɗan. Na koma da gatari na yi ta sassaƙa, gabas, yamma, kudu. Saura tafin hannu in zagaye ta.

Hajara ta zo daga gidan mijinta, tun daga zaure ta ji wari. Ta ce, "Baba, asibiti." Na ce asibitin da na kai uwarki da ƙafarta aka dawo mini da ita a makara? Ta ce, "To ni ba zan ɗauki makara biyu ba." Ta tsayar da bas a bakin titi.

A babban asibiti a Kano aka soki yatsana, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Ciwon suga. Ni da ko shayi ban damu da shi ba!

Likitar mace ce, ba ta kai Hajara shekaru ba. Ta kankare garin ta ce, "Baba, kirya ce?" Na shirya faɗa, don na san za a ce jahilci. Sai ta ce kakarta da ita take asuwaki har ta rasu da haƙoranta. Ta ce akwai abin da ke cikin ɓawon mai ɗaure nama da tsayar da jini, masana ma suna bincike a kai. "Itacenku bai yi ƙarya ba. Ya rufe bakin ciwon. Amma mai suga, ciwonsa daga ciki yake ci."

Ta ce ko a yanke yatsu biyu gobe, ko daga gwiwa nan da sati. Manomi ba ƙafa, me ya rage? Na dangwala hannu a takardar amincewa.

Kwana talatin da huɗu na yi a gado. Allurar suga safe da yamma, wankin ciwo kullum, har sai na ciji hula. Tuwo ɗan mulmule kamar na yaye. Tumakina uku suka tafi a magani da gwaji. Wata nas kullum sai ta ce, "Baba mai kirya, yau ma rigima?" Hannunta kuwa kamar auduga.

Sani bai zo ba. Na riƙe wannan.

Ranar da na iya takawa, na ce a kai ni gona in ga gawar kiryar. Na tarar an shafe duk inda na sassaƙe da laka da kashin shanu, an ɗaure da tsumma. Ganye shar. Sani na zaune a gindinta. Ya ce, "Yaya, kai da ka hana ni, kai ka kusa kashe ta." Ashe duk sati yake sake lakar. Ya miƙo mini sanda, ta kirya, ya goge ta sumul.

Godiya ga Allah, ga likitar nan, ga nas, ga Hajara da ta fi ni taurin kai.

Ku kuma, in ciwo ya wuce sati bai warke ba, ko kuna yawan ƙishirwa da fitsari, ku je a gwada suga. Ku faɗa wa likita abin da kuka sa, kada ku ɓoye. Kuma kada ku zagaye itace.

Da sandar nake zuwa masallaci, ni da Sani. Amma reshen da ya yanka ta wajen gonata yake, kuma bai tambaye ni ba. Hajara, rubuta wannan ma.