Ganyen da ya karkace

Assalamu alaikum. Masu cewa Rahina ta yi kuɗi ta daina gaisuwa, na yafe muku. Jinya ce ta ɗauke ni daga shafin nan tun kafin damina, sai yau nake jin zan iya ba da labarin.

Ga wanda bai san ni ba, lalle nake zana wa amare a ƙauyenmu, gefen Tsanyawa. Inna, mahaifiyata, ita ta koya min. Ban taɓa yin zanen da ta duba ba ta samo masa aibi ba.

Ina gidanmu wankan jego kaina ya fara ciwo. Na ce gajiya ce, na aika kyamis aka sayo min ƙwaya. Wata safiya ina dama kunu ludayi ya suɓuce min. Na kai hannu zan ɗauka, hannun ya ƙi. Na kira Inna, na ji maganata ta fito a murɗe.

A asibitin gari nas ta auna jinina, ta sake aunawa, ta ce wa mijina Malam Sabi'u, "Ku wuce Kano yanzu, kada ku koma ɗauko kaya."

A Kano aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, aka ɗaura ruwa. Allurai kuwa har na daina tambayar na mene ne. Geron da muka ajiye da awakin Inna duk a can suka ƙare.

Likita ya ce, "Hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinki. Ƙafa za ta dawo. Hannu sai kin yi haƙuri da shi."

Wallahi na ji tsoro. Hannun daman nan da shi nake ci, da shi aka san ni. Ga shi kwance a cinyata, ko jaririna ba ya iya tallafewa.

Da aka sallame mu, mai yi min gashin hannu a asibiti ya ce in dinga zane a takarda kullum. Na fara. Abin da yake fitowa kamar kaza ta bi ta kan yashi. Amma duk wanda ya zo dubiya na nuna masa sai ya ce, "Masha Allah, ai kin warke!"

Har Inna. Ta karɓi takardar ta ce, "Ya yi kyau, 'yar nan." Ranar na shiga ɗaki na yi kuka, don na gane ta cire rai da hannuna.

Ƙanwata Hafsa ce ta saka ni a wani zaure a waya. Masu son wani shiri mai dogon zango ne suka taru, wasu su ƙirƙira wa jaruman sabon labari, wasu su zana su. Dokarsu ɗaya: in an saka aiki, ka faɗi abin da ya burge ka, sannan ka nuna abu ɗaya da za a gyara. Ba zagi, ba kuma "sannu da ƙoƙari" ka wuce.

Na zana jarumar shirin, na saka. In ban da Hafsa, babu wanda ya san halin da nake ciki a zauren.

Anti Bilki, mai kula da zauren, ta rubuto, "Idanun nan sun burge ni, kamar za su yi magana. Amma layinki yana rawa. Rage gudu, ki dinga ɗaga alƙalami kina hutawa."

Na yi ta karantawa ina murmushi. Tunda na kwanta, ita ce ta farko da ta yi min magana a matsayin mai zane.

Na gyara, na sake sakawa. Suka sake samo wani abin. Haka muka dinga yi, hannun yana ɗan sakewa.

Sai Hafsa, sarkin tausayi, ta je ta gaya musu ciwona. Zanen da na saka bayan nan, kowa "Allah ya ƙara lafiya, ya yi kyau." Raina ya ɓaci sosai. Na naɗi murya da harshena mai nauyi na ce, "Dubiya ina samu a gida. Gyara na zo nema wajenku."

Can Anti Bilki ta ce, "Kin yi gaskiya, mun karya dokarmu. Gyalen jarumar ya zauna. To amma kunnen nan na mutum ne ko na maraƙi?"

Na yi dariya har jaririna ya farka.

Da kaka ta yi aka sa bikin Hafsa. Ta kafe ni zan yi mata lalle, ko kuma ta tafi ɗakin miji da hannu fari. Na zauna ina ja a hankali, ina ɗagawa ina hutawa. Inna tana gefe tana tsintar wake.

Ina cikin hannu na biyu ta leƙo.

"Ke Rahina, wannan ganyen ya karkace. Haka na koya miki?"

Sai ta kama bakinta. Muka kalli juna. Hawaye ya zubo mata, ya zubo min, Hafsa tana ta ihun kada mu ɗiga mata a hannu.

Na goge ganyen na sake shi.

Alhamdulillah. Na gode wa Malam Sabi'u da bai taɓa nuna gajiya ba, da ma'aikatan asibiti, da mutanen zauren da har yau ban san fuskar ko ɗaya ba.

Masu ciki da masu jego, don Allah ku dinga zuwa awon jini. Ciwon kan da ya ƙi tafiya kada ku kashe shi da ƙwayar kyamis. In baki ya murɗe ko hannu ya saki, a nufi asibiti a lokacin. Magani kuma kada a daina sai likita ya ce.

Masu jinyar wani, ku tausaya masa, amma kada tausayi ya hana ku gaya masa gaskiya cikin taushi. Ni dai ranar da Inna ta kushe min ganye na yarda na warke.