Tarin Tattasai

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a karatun mastar na aikin gona a Yamai, wani tari ya kama ni ya ƙi saki. Da na je asibiti, likita ta ce tibi ne, wato tarin fuka. Ta ba ni maganin wata ɗaya da takardar da zan kai asibitin garinmu in ci gaba da karɓa, ta ce in ajiye karatu wata shida in huta.

Ni kuwa da burs ɗin wata ƙungiya mai tallafa wa ɗaliban noma nake karatu, ita ce cina, ita ce hayar ɗakina. Na ɗauko takardar yarjejeniyarmu, idona ya faɗa kan kalma ɗaya ta Faransanci, "suspension", wato dakatarwa. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba, na ninke ta. A raina na ce, ranar da suka ji ba ni da lafiya, shi ke nan, an yanke burs, an ba wani gurbina.

Sai na yi dabarar da a lokacin nake ganin ta masu ilimi ce. Na ce wa malamina zan tafi garinmu Difa bincike a gonakin tattasai na Shetimari. Lokacin shanya ne, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san in ana juya busasshen tattasai ana durawa a buhu, kowa tari yake yi, kowa atishawa. Ina ne ya fi nan kyau a ɓoye tari?

Maganina ya ƙare, na ƙi kai takardar asibitin Difa, don kada wani ya gan ni a layin masu tibi labari ya kai Yamai. Kullum in rataya jaka in nufi lambu da littafi, kamar gaske. In na turnuƙe da tari, manoma su yi dariya su ce ɗan birni bai saba ba. Ni ma in taya su, alhali wandona sai da na ƙara wa ɗamararsa huda biyu.

Mahaifiyata tattasai take sayarwa a kasuwar Difa tun ban san kaina ba. Wata safiya ina alwala tari ya taso, na tofar, sai ga jini a kan yashi. Na sa ƙafa zan rufe, ashe tana bayana.

"Ɗan nan, ɗaga ƙafarka."

"Tattasai ne, Iya."

"Na tsufa cikin tattasai, ban taɓa ganin ya fito da jini ba. Ni za ka yi wa wayo?"

Nan na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in ɗauko takardun. Za ta miƙe ke nan sai ita ma ta yi tari, busasshe, har sau uku. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Wata biyu muna ci a kwano ɗaya, ina zama a ɗakinta muna hira ƙofa a rufe. Na manta da burs, na manta da mastar, abin da ke kaina kawai shi ne na kwaso cuta daga Yamai na kawo wa uwata.

Ta ja ni gidan maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciya 'yar Doso da aka turo aiki Difa. Matar ta sa tabarau ta karanta yarjejeniyar har ƙasa, ta ɗago ta dube ni.

"Kai ne mai mastar ɗin? To saurara. Karatun ake dakatarwa, ba burs ba. In ka kai takardar likita, gurbinka na nan, tallafinka na tafiya har ka warke. Ga shi nan, layi biyu ƙasa da inda ka tsaya."

Layi biyu, jama'a! Ni da nake kwana kan littattafan wasu, takardata ta gagare ni.

Ranar muka tafi asibiti mu biyu. Ni aka sake ɗora ni kan magani daga farko, bayan an wanke ni tas da faɗa. Ita aka karɓi majinarta aka ce mu dawo jibi. Kwana biyun nan, duk tarin da ta yi sai in ji shi a ƙirjina. Da sakamako ya fito, malamin asibiti ya ce ba ta da komai. Ta juyo ta ce, "Ka gani? Nawa na tattasai ne."

Na aika takardar likita, malamina ya kira ya ce da na faɗa tun farko da an huta. Na warke, na koma, na gama.

Ban cika son wa'azi ba, amma in kana karatu ciwo ya kama ka, ka tambaya, ka kuma karanta takardarka har ƙarshe. Tsoron abin da ba a rubuta ba ya kusa sa in rasa abin da babu ƙungiyar da za ta biya ni.

Har yau in muna waya da Iya na ji ta yi tari, sai in tambaye ta ko lafiya. Takan yi dariya ta ce, "Tattasai ne, ɗan nan." Ni kuma ba na yarda sai ƙanwata ta kai ta an duba, don na san wanda ya fara yin wannan ƙaryar a gidanmu.